Allura ta Arba'in

Dakta Jalaluddeen ɗan Maccido mahauci ne na Ƙofar Taramniya, kuma kowa ya san a gidan nan ba a haifi mai rawar hannu ba. Uban yakan feɗe sa yana hira da masu saye, ko kallon wuƙar ba ya yi. Ɗan kuwa Allah Ya kai shi ga allura, yana koyon aikin sa barci a wani asibiti cikin Sakkwato, wato shi ne mai kashe wa majiyyaci jiki kafin a yi masa tiyata.

Ba don sha'awa kawai ya zaɓi aikin ba. A Tungar Sahabi, ƙauyen da mahaifiyarsa Adawiyya take zaune, akwai asibiti, akwai ɗakin tiyata, akwai likitan da zai yi aikin, amma babu mai sa barci. In haihuwa ta gardama wa mace sai a kwantar da ita bayan mota, a kama hanyar awa biyu zuwa birni. Wasu su iso, wasu a juyo da su daga hanya. Jalaluddeen ya yi alkawari da ya ci jarrabawa can zai koma, ita kuwa Inna Adawiyya ba gidan da ba ta kai labarin ba.

To, jarrabawar nan tana da sharaɗi, kuma masu ita ba su san alfarma ba. Kafin a bar mutum ya zauna gaban malamai, sai ya kawo littafin aikinsa da allurar baya guda arba'in, irin wadda ake yi a tsakanin ƙasusuwan baya don jiki ya mutu daga ƙugu zuwa ƙasa. Kowace allura tana da gurbi uku: na kalla, na taimaka, na yi da hannuna. Gurbin ƙarshe kaɗai ake ƙirgawa, kuma sai wanda ya gani da idonsa ya sa hannu. Wanda littafinsa bai cika ba, sai baɗi.

Ranar Laraba Jalaluddeen yana da talatin da tara. Ranar Alhamis da azahar za a karɓi littattafai.

Da hantsin Larabar aka shigo da wata mata mai suna Hajjo, kwana biyu tana naƙuda. Da ya ji an ce tiyata, wallahi sai da ya ji daɗi a ransa, abin da daga baya in ya tuna yakan runtse ido. Amma da aka zaunar da ita ya buɗe bayanta, sai murna ta koma ciki. Bayan a karkace yake tun tana ƙarama, ƙasusuwan sun hau juna, babu inda yatsa zai ce ga ƙofar da allura za ta bi.

Ya soka ta farko, ƙashi. Ya soka ta biyu, ƙashi. A ta uku Hajjo ta yi salati da ƙarfi, likitan tiyata ya dubi agogo, hannun ɗan mahauci ya kama rawa.

Malam Yari yana tsaye a gefensa. Nas ne, shekara talatin yana wannan aiki, shi ke jan salla a ɗan masallacin bayan ɗakin tiyata, kuma ko da wasa ba a taɓa jin ya faɗi abin da ba haka ba. Ya sunkuyo ya yi magana yadda ba wanda zai ji sai Jalaluddeen.

"Dakta, ba ni in gwada, jaririn ga ya gaji."

Jalaluddeen ya ba shi wuri. Tsohon ya shafa bayan, ya bar tsakiya, ya shiga ta gefe da allurar a ɗan kishingiɗe. Sau ɗaya tak, sai ga ruwan baya yana ɗigowa garau, alamar an isa. Ba a yi minti ashirin ba aka ciro 'ya mace tana tsala kuka.

Daga nan har yamma ba a sake kawo kowa ba. Da safiyar Alhamis ma shiru. Jalaluddeen ya zauna da littafinsa a ɗakin canja kaya, ya rubuta sunan Hajjo a layi na arba'in, ya bayyana yadda bayanta yake. Alƙalamin ya daɗe a kan gurbin "na taimaka". Ya ce a ransa ai ni na fara, ai ni na haɗa maganin, ai matan Tungar Sahabi ba za su jira shekara don allura ɗaya ba. Kai, zuciya in tana son abu ba ta rasa hujja! Alƙalamin ya zame zuwa gurbi na uku.

Ya sami Malam Yari ya idar da alwala, ya miƙa masa littafin yana kallon wani wuri. Tsohon ya goge hannu, ya sa tabarau, ya ɗan jima, sannan ya sa hannu ya mayar masa. Jalaluddeen ya ce a ransa bai karanta ba, ya yi gaba da sauri.

Mako biyu ya yi yana kauce wa tsohon. In ya hango shi a baranda sai ya laluba waya ya kara a kunne. Salla ma sai ya koma yi a masallacin bakin ƙofa.

Ranar jarrabawar baki malamai uku ne a kan tebur, shugabarsu Farfesa Zulaihatu, wadda aka gayyato daga wani gari. A gefe an ajiye roba mai siffar bayan mutum don gwaji. Wa aka sa ya kula da robar? Malam Yari, da farar rigarsa a goge.

Tambayoyin farko Jalaluddeen ya amsa su kamar yana karanta Fatiha. Sai Farfesa ta jawo littafinsa tana buɗawa, ta tsaya a shafin ƙarshe, fuskarta ta washe.

"Karkataccen baya, ga naƙuda, kuma da hannunka? Madalla! Irinka muke nema a ƙauye, inda ba wanda za ka kira. Tashi ka nuna mana yadda ka shiga."

Ya tashi. Ya bar tsakiya, ya shiga ta gefe, allura a ɗan kishingiɗe, daidai yadda ya gani. Malam Yari yana riƙe masa robar, hannayensu har suna taɓa juna. Malaman suka gyaɗa kai. Shi kuwa ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Farfesa ta ɗauki alƙalami za ta rubuta maki, sai ta juya ga tsohon tana murmushi, don kawai ta girmama shi.

"Malam, na ga kai ka shaida. Haka ya yi ranar?"

Malam Yari ya sunkuyar da kai. Jalaluddeen ya ga gemunsa yana motsi, ya ga leɓensa ya buɗe. Mutumin da suke bi salla zai yi ƙarya a gaban mutane, da furfurarsa, saboda shi.

"Ranki ya daɗe," in ji tsohon, "Dakta dai..."

"Ba ni na yi ba," in ji Jalaluddeen. "Sau uku na gwada na kasa. Malam ya karɓa ya yi. Talatin da tara gare ni."

Farfesa ta ajiye alƙalamin a hankali, ba ta ɗaga murya ba, kuma da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce a ƙauye in ya kasa sau uku babu Malam Yari a bayansa, shi ya sa ake ƙirga arba'in ɗin. Ta ce sai baɗi, kuma da sabon littafi. Sannan ta dubi tsohon ta ce daga yau ba za a ƙara karɓar sa hannunsa a littafin kowane ɗalibi ba.

Bayan an watse ya sami Malam Yari shi kaɗai yana goge robar. Jalaluddeen ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa kowa a asibitin ba.

"Baba, ka yafe mini. Na cuce ka, na ba ka kas sa hannu ba ka karanta ba."

"Na karanta, Dakta," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Sau biyu ma. Na tuna matan da aka kawo muna daga ƙauyenku, sai nis sa hannu. Tashi, kunyar ga tamu ce mu biyu."

Ya fito baranda. Wayarsa ta yi ƙara, Inna Adawiyya ce. Ya so ya bar ta ta katse, amma ya ɗauka.

"Jalalu, an gama? An share maka ɗaki, har farar ƙasa anka shafa. Ka san Zahra'u ɗiyar maƙwabtanmu? Ɗazun nan anka sa ta mota, haihuwa ta ƙi. Uwatta na ta kuka, nic ce ta yi haƙuri, in sha Allahu ita ce ta ƙarshe da za a ɗauka, tunda ɗana na nan tafe. Wace rana za ka iso?"

Jalaluddeen ya jingina da bango yana kallon ƙofar asibitin, inda motar za ta shigo in ta iso.

"Inna," ya ce, "ba bana ba."