Inshorar Gidan Malam Muntaka

"Mai gidan ya rasu," in ji ma'aikacin kamfanin inshorar, yana juyo mata da fuskar kwamfuta. "Allah yarhamu. Amma mamaci ba ya sabunta inshora, ya ukhti, 'yar uwata. Sai wakilin magada ya sa hannu."

Surayya ta buɗe baki za ta ce ai ainihin mai gidan ya daɗe da rasuwa, sai ta haɗiye maganar. Wa zai saurari wannan dogon labari a ofis? Ta karɓi takardar da ya miƙo mata, ta yi godiya, ta fito cikin zafin Jidda.

Ga yadda abin yake. Mahaifinta, Malam Muntaka, ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya zauna, ya duƙufa ɗinkin jallabiya a unguwar Ammariyya har ya tara abin sayen gida. To shi baƙo ne mai iƙama, wato takardar izinin zama kawai, sa sunansa a takardar gida ya fi ƙarfinsa. Sai amininsa Hamad, Bahaushe haifaffen nan mai takardar ɗan ƙasa, ya ba da nasa sunan aka rubuta. Amana ce ta baka, a ƙofar masallaci, kuma suka rufe ta ruf saboda tsoron hukuma. Da Malam ya rasu, Hamad bai canza fuska ba. Tun shekarar da ruwa ya shiga gidajen mutane ya yi ɓarna, shi ke sa hannu a inshorar gidan, su kuma su biya. Yanzu shi ma ya bi amininsa. Gidan da aka haifi Surayya a ciki, a takarda, gadon 'ya'yan Hamad ne.

Ta tarar da mahaifiyarta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Inno, sun ƙi. Sai Abdulelah ya sa hannu, shi ne babban ɗan Hamad, shi suka naɗa wakili."

"Haba Surayya. Ƙasar kabarin ubansu ba ta gama bushewa ba, mu je musu da maganar gida? Su ce mene ne?"

"Su ce abin da za su ce. Lokacin ruwa ya kusa, kuma wayoyin wutar gidan nan sun girme ni. In wani abu ya faru, ina za mu nufa?"

Inno da kunya sai Allah. Mace ce da in maƙwabciya ta ari tukunyarta ta manta, gara ta sayi wata da ta je tambaya. Sai da Surayya ta yi da gaske, har ta fara zuba Larabci kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci, sannan tsohuwar ta ajiye faranti ta ce a ɗauko mata abayarta.

Bayan la'asar suka ɗauki tasi zuwa unguwar Abhur, gidan Abdulelah. Hanya ce mai nisa, Inno tana rungume da kwanon alkaki a cinya, don ita ba ta shiga gidan mutane hannu sake. Suna wuce manyan katangun gidajen bakin teku ta juyo.

"In mun shiga, ki kama bakinki. Sa hannu muka zo nema, ba shari'a ba."

"Tayyib, na ji, Inno."

Abdulelah da kansa ya fito tarbarsu, dogo, cikin farar jallabiya, ya sunkuya ya sumbaci Inno a ka. Yana jin Hausa sarai, sai dai in zai mayar, rabi da rabi take fitowa. Aka kawo gahawa da dabino. Aka sake gaisuwar rashi, aka yi wa mamaci addu'a, aka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sai da kofi ya zagaya sau da yawa Surayya ta miƙa masa takardar.

Ya duba sama-sama ya yi murmushi, ya dubi Inno, wadda yake kira Khala, wato inna a Larabce.

"Wannan ne kawai, Khala? Don wannan kika taso tun daga Ammariyya? Halas, an gama. Kuɗin ma mu za mu biya daga yau." Ya zaro biro daga aljihun gaba. "Kuma ki kwantar da hankali. Mun zauna da Sa'ud da sauran ƙannena. Baba ya bar ku a gidan nan kyauta shekara da shekaru, wallahi mu ba za mu canza ba. Muddin kina raye ba mai taɓa gidan. Bayan nan kuwa... Allah ya ja kwana."

Kyauta! Surayya ta ji kalmar har cikin ƙashinta. Ubanta da idonsa ya mutu a kan keken ɗinki, shi ne ɗan alfarma a gidan guminsa? Kuma abin haushi, ba mugunta a fuskar mutumin ko kaɗan. Alheri yake yi da zuciya ɗaya. Ashe Hamad ya rufe sirrin har bai faɗa wa 'ya'yan cikinsa ba.

Ta dubi Inno. Inno tana kallon darduma. Abdulelah ya gyara takardar a kan tebur, ya ɗora bakin biro.

"Dakata, ɗana."

Muryar Inno ta fito ƙasa-ƙasa, har sai da ya matso.

"Da don ni ce, wallahi shiru zan yi. Kwana nawa ya rage mini? Ka ce in zauna har in mutu, me zan nema kuma? Amma ubanka yana kwance da kayan wani a wuyansa. Mutumin kirki ne, bai ci mana ko ƙwayar zarra ba. Ba zan karɓi alherinku in bar shi da tambaya a kabari ba."

Sai ta faɗa masa, daga farko, ba ƙari ba ragi. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Surayya ba ta taɓa jin uwarta ta yi doguwar magana haka a gaban namiji ba.

Abdulelah ya ajiye biron. Murmushin nan ya tafi.

"Akwai shaida, Khala?"

"Mutum biyu ne. Ɗaya ya rasu. Ɗaya an mayar da shi Damagaram tun tuni, ban san ko yana duniya ba."

"Rubutu fa?"

"Babu. Ai don kada a rubuta aka yi."

Ya tashi ya je bakin taga ya tsaya, ya ba su baya. Surayya ta tsorata ƙwarai. Yanzu in ya ga dama ya ce ƙarya ne, alfarmar ma da ya yi musu ta tafi, kuma ba inda za su kai ƙara.

"A asibiti," ya ce, bai juyo ba, "ya riƙe hannuna yana ta cewa bait Muntaka, bait Muntaka. Gidan Muntaka. Na ce ya Baba kada ka damu, ba za mu tashe su ba. Sai ya yi ta girgiza kai. Ni na ɗauka zafin ciwo ne." Ya goge ido da gefen gyalen kansa. "Astagfirullah. Ashe magana yake so ya ba ni."

Ya dawo ya zauna, ya ɗauki takardar, wannan karon ya karanta ta a tsanake. Ya nuna wa Surayya wani layi a ƙasa.

"Kin gani? Mai sa hannu yana shaida cewa gidan mallakar magadan Hamad ne. Ɗazu da na sa da zuciya fara. Yanzu ba zan iya ba."

"To inshorar fa? Ruwa fa?"

"Ban sani ba, ya ukhti. Sai na tara 'yan uwana. Sa'ud zai yi faɗa, na san halinsa. Sai mun nemi lauya ya ga hanyar da za a bi, kuma ba abin yau ko gobe ba ne." Ya juya ga Inno, ya lalubo Hausarsa a hankali. "Amma ni, Khala, na yarda. Gidanku ne."

Inno ta ce Allah ya yi masa albarka, ta tura masa kwanon alkaki.

A tasi suna komawa, Surayya tana riƙe da takardar yadda ta zo da ita, gurbin sa hannu fari fat. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

"Ke da kika ce in kama bakina. Mun yi wannan doguwar tafiya neman sa hannu, mutum ya ɗora biro, kin hana shi."

Da suka shigo cunkoson cikin gari, Inno ta gyara zama, ta jingina bayanta sosai da kujera.

"Gobe ki kira mai gini ya ɗaga mana dokin ƙofa saboda ruwa, ya duba wayoyin nan. Ki ce masa kuma ina son a fasa taga a ɗakina ta wajen gabas."

"Taga kuma? Yaushe kika fara son taga?"

"Tun ubanki na da rai nake so," in ji Inno. "Kunyar tambayar Hamad nake ji."