Ɗan Ƙarfen da Ya Ɓace a Ruwa

Ruwan rijiyar masana'antar sabulun nan mugun ruwa ne. Idan ya bi ta na'urar da ke sanyaya mai, sai ya bar farin dutse irin wanda ke kama gindin butar shayi, har bututun ciki su toshe. Duk shekara Baba makaniki ne ke fasa shi da sandar ƙarfe, bututu bayan bututu, aikin da ya gama cinye masa kafaɗar dama.

Da aka ɗauki 'yarsa injiniya, sai ta sa manaja a gaba a riƙa ɗiga asid kaɗan-kaɗan a ruwan, don dutsen ya kasa kamawa. Da ƙyar ya yarda. Ya ce idan asid ya ci masa bututu, ita ta kama gabanta, Baba kuma ya koma kan sandarsa.

Masu wannan aiki sukan rataya ɗan fallen ƙarfe irin na bututun a cikin ruwan. Abin da ya sami fallen, shi ya sami bututu. Ita ma ta ɗaure nata da zare ta rataya. Ranar da za a buɗe na'urar ta yi sammako ta jawo zaren, ya fito ba komai a bakinsa. Ta ƙura wa bakin zaren ido. Idan ƙarfe sukutum ya narke, ina ga bututun?

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta tsaya ana kwance notina, manaja ya harɗe hannu a gefe, ita kuwa tsoro kamar ya kashe ta. Da murfin ya sauka ta haska tocila. Bututu fes, babu dutse, babu huji. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba, sai da Baba ya zaro rariyar famfon da ke tura ruwan ya zazzage, fallen ya faɗo ƙasa lafiyarsa lau. Ya ɗaga guntun zaren da ya ruɓe, ya tambaye ta ko daga keken ɗinkin uwarta ta sato. Ta ce e, tana dariya hawaye na zuba, don a ɗokin farawa ta manta ta ɗaure fallen da wayar ƙarfe.

Manaja ya yi gyaran murya ya ce a mayar da murfi. Baba bai motsa ba. Ya zura yatsa a bututu ɗaya, ya daɗe yana juyawa.

"'Yar nan," ya ce a hankali, "ashe bana zan iya kwanciya ta ɓangaren dama."