Mahaucin da Aka Hana Kitse

Tun yana saurayi mahaucin yake riƙe da wuƙa, kuma a duk layin masu nama babu wanda ya kai shi son kitse. In ya gama yanka wa mutum nama, sai ya kai hannu gefen teburi ya ɗauko ɗan farin kitse ya ɗora a kai, ya ce gyara ce. Wanda duk ya ce a rage masa kitsen, kallon tausayi yake masa. A gida ma haka abin yake. Matarsa ta san in bai ga maiƙo yana yawo a saman romo ba, ranar sai ta sha mita.

Wata safiya yana saran ƙashi sai ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Ya ajiye gatarin ya zauna a benci, gumi ya wanke shi sharkaf. Maƙwabtansa na kasuwa ne suka sa shi a mota zuwa asibiti, ya yi kwanaki a kwance. Ranar da za a sallame shi, likita ta zaunar da shi ta ce jijiyoyin zuciyarsa sun soma toshewa. Ta ce ya riƙa taka ƙafa kullum, ya kula da shan magani, ya kuma rabu da kitse.

"Likita, ni fa mahauci ne," ya ce.

"Na sani, Baba. Ban hana ka nama ba, kitsen kawai na ce."

"To ai kin hana ni naman ke nan."

Ƙaninsa ya karɓi teburin kasuwa, shi kuwa ya koma zaman gida. Matarsa ta shiga dafa masa wake da kifi da ƙirjin kaza wanda aka saɓule wa fata. Yakan ci loma biyu ya ture kwanon. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, magana ma ta ragu. Sai ya zauna a bakin taga yana kallon titi, hannayensa a kan gwiwa kamar ba nasa ba.

Ana nan sai autarsa, wadda take aure a ɗaya gefen gari, ta zo da kula a hannu. Ta dire ta a gabansa.

"Baba, jan nama na kawo maka."

Ya buɗe a hankali. Naman ja ne wur har ya so ya yi duhu, ko zaren fari ɗaya babu a jikinsa. Ya danna da babban yatsa, ya ɗaga ya shinshina.

"Wannan ba naman shanu ba ne."

"Ɓauna ce. Ƙaramin ƙullin nan kuma barewa. Akwai wata gona a bayan gari da ake kiwonsu. Na tambayi likitarka, ta ce kana iya ci in ba a cika ba."

Ya daɗe yana juya tsokar a hannu. Daga nan ya miƙe ya ce a ba shi wuƙarsa, yau shi zai shiga kicin.

"Tsoho, ka bar min mana," in ji matarsa.

"Ke, 'yar tsohuwa, nama za ki koya min?"

Ta koma ta zauna. Ya yanka ɓaunar manya-manya yadda ya saba yi wa naman shanu, ya ƙure wuta, tukunya ta yi ta tafarfasa. Barewar kuma ya shimfiɗa ta a kasko ya bar ta har ta yi baƙi, yana jiran ta tsatso mai, man da bai taɓa fitowa ba. Da aka zuba a faranti, wuƙa ma sai da ta yi da gaske. Matarsa ta kai yanka ɗaya baki, ta yi ta tauna, ta yi ta tauna.

"Ya kika ji?" ya tambaye ta.

"Yana nan dai a bakina, muna ƙoƙarin fahimtar juna."

Auta ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya wanke hannu ya koma bakin taga. Asarar naman ta dame shi, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne hannun da ya dogara da shi duk rayuwarsa ya kunyata shi a gaban 'yarsa.

Ƙarshen mako Auta ta dawo da mota, ta ce tun da an ce ya riƙa tafiya, ya zo ya yi ta a gonar. Ya bi ta ba don yana so ba.

Mai gonar wata mace ce mai manyan takalman roba, fuskarta ta sha rana. Ta gaishe shi, ta ja su suka bi gefen shingen waya. Ɓaunayen suna kwance cikin taɓo, baƙaƙe, kafaɗunsu kamar an gina. Can gaba bareyi suna kiwo. Wata ta ɗago kai, ta ji motsinsu, ta zabura, sauran suka bi ta. Ya tsaya ya riƙe wayar shingen yana kallon yadda cinyoyinsu ke naɗewa suna miƙewa. Sai ya tuna shekara da shekaru nama a mota yake zuwar masa, a rataye, an riga an feɗe. Ya manta rabon da ya ga tsoka tana aikin da aka halicce ta dominsa.

"Ina waɗannan za su tara kitse," ya ce a hankali, kamar da kansa yake.

"Ba sa zama wuri ɗaya, Baba," in ji mai gonar. "Ni kaina na ƙona namansu da yawa kafin in gane kansa. Har mijina ya ce in koma kiwon agwagi."

Ya yi murmushi, na farko cikin kwanaki. Ya gaya mata abin da ya aikata a kicin, bai rage komai ba. Suna tafe suna magana, sai ya ga inda ya kuskure. Duk shekarun nan kitse ne yake tsayawa tsakanin namansa da wuta. Ko ya yi gaggawa, ko ya manta tukunya, kitsen ya rufa masa asiri. Wannan naman kuwa ba shi da mai kare shi sai wanda yake tsaye a kansa.

Ya zaɓi kafaɗar ɓauna da ɗan gadon bayan barewa. A hanyar dawowa Auta ta lura bai nemi wurin zama ba tun da suka sauka daga mota.

Washegari da hantsi ya tsaya a ƙofar kicin ya yi gyaran murya.

"'Yar tsohuwa, yaya kike yi wutar nan ta yi ƙasa ba ta mutu ba?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta matsa masa wuri. Shi ya yi yankan, ƙanana, yana gitta zaren tsokar. Ita ta matse lemon tsami, ta daka tafarnuwa da barkono, suka cuɗe naman suka bar shi ya sha. Ta zuba albasa mai yawa a ƙasan tukunya, ta ɗora ɓaunar, ta sa ruwa kaɗan, ta rufe. Duk sanda ya kai hannu zai buɗe murfin sai ta buge hannun da ludayi. Da rana ta take suka zuba karas da dankali. Barewar kuwa ya yanka ta fale-fale, ya shafa wa kasko mai cokali guda, ya juya ta sau ɗaya ya sauke tun tana da laushi, ya rufe ta ta huce.

Suka zauna su biyu a teburin kicin. Ɓaunar ta yi luguf, cokali ma yana raba ta. Ya tauna a hankali, ya lumshe ido. Akwai wani ɗanɗano da bai sani ba, mai zurfi, da ɗan zaƙi a ƙarshe, da wani abu kamar ƙamshin ciyawa bayan ruwa. Barewar ta fi ƙarfi a harshe. Ya yi tunanin ashe shi kitse ya sani, naman kansa yanzu suke gaisawa.

"Ya ka ji?" ta tambaya.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu bakina yana neman maiƙo." Ya sake kai loma. "Amma wannan nama ne."

Ya share farantin tas, ya tura mata a ƙara. Ta girgiza kai.

"Auta ta ce likita ta ce kada ya wuce tafin hannunka."

Ya baje hannunsa a kan teburi, faffaɗa, duk tabon wuƙa.

"To ki auna da kyau. Tafin hannuna ta ce, ba naki ba."

Ta kalli hannun, ta kalli tukunyar. Ta tsamo yanka ɗaya, mafi ƙanƙanta, ta ajiye masa, sannan ta rufe sauran ta kai firji.