Ranar da Mai Taya Ya Zama Tafinta

"Gwaggo, zo ki ji, ta sake farawa!"

Na jefar da almakashi na tsallaka gidan, ko takalmi ban tsaya nema ba. Auta ce ke kirana, 'yar maƙwabciyata. Uwar na kwance tana zuba magana ba ƙaƙƙautawa, tana nuna taga da hannun da ya rage mata mai motsi. Ko kalma ɗaya ba mu gane ba.

Mama Baƙuwa muke ce mata. Shekara arba'in da biyu tana layinmu, sunan ya ƙi sakinta. Tana budurwa ta zo, cikin ungozomomi goma sha biyu da ƙasarsu ta aiko lokacin da gwamnatocin biyu suka ƙulla zumunci: mu ba su auduga da malaman makaranta, su ba mu masu jinya. Sha ɗaya suka koma gida. Ita ta auri direban motar asibiti ta yi zamanta. Rabin layin nan a hannunta suka faɗo duniya, har da nawa huɗu. Yarenmu kuwa ta iya shi har da zagin da ni ban sani ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwashe mata yaren namu tas, ya bar mata na gidan ubanta. Likita ya ce hakan kan faru, ya kuma ce kwanakinta ba su da yawa. Mijin ya daɗe da rasuwa, Auta kuma ba ta taɓa koyon yaren uwarta ba.

"Ƙasarsu take nunawa, Gwaggo. Wasiyya take bar mini," in ji Auta, tana kuka. "Za ta tafi ban ji ba."

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Washegari na ɗauki jaka sai ofishin jakadancinsu. Ga ƙaton hoton shugabanni biyu suna musabaha, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. Wata yarinya a bayan gilashi ta ce in rubuto takarda, tafintansu ya raka tawagar 'yan kasuwa, sai bayan mako biyu.

"'Yar nan, ke za ki je ki gaya wa mutuwa ta jira mako biyu?"

Ina fita ina masifa mai gadi ya biyo ni. "Mama, ki je layin masu taya. Tun da aka buɗe ciniki tsakaninmu da su, mutanensu sun cika wurin."

Can na sami wani ɗan ƙasarsu, gajere mai tumbi, hannunsa baƙi ƙirin. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce yana da masu saye a tsaye. Na ce, "Masu sayen naka, ita ta yanke musu cibi." Ya dube ni, ya dubi tayoyinsa, ya jawo ƙofar shago.

A bakin ɗaki ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Mama Baƙuwa da yarensu. Kai! Ban taɓa ganin fuska ta waye haka ba. Ta cafke wuyan hannunsa ta dinga zuba. Yana gyaɗa kai, yana gyaɗa kai, sai kawai ya fashe da dariya.

"Me ta ce?" in ji Auta.

"Ta ce kwana biyar tana roƙon a buɗe tagar nan, kun dafa ta kamar ƙwai." Ya juyo gare ni. "Ke ce tela? Ta ce rigar da kika ɗinka mata bara tana matse ta a hammata, kunya ce ta hana ta faɗa."

"Kunya? Wannan matar? Ka ce mata ƙiba ta yi."

Ya faɗa mata. Ta yi dariya da rabin baki har da tari.

Daga nan suka shiga hirar gida. Ta tambayi kasuwar garinsu, ya ce an yi mata rufi. Ta tambayi kwale-kwalen da ake tsallaka kogi da shi, ya ce an yi gada tuni. Ta yi tsaki. Auta dai na zaune a ƙarshen gado tana sauraro, har ta kasa daurewa.

"Kawu, ba ta ce komai a kaina ba?"

Ya tambaye ta. Ta daɗe tana kallon 'yarta kafin ta yi magana, gajeriya.

"Ta ce me ya rage? Shekara talatin tana gaya miki kullum, kin kuma ji. Ta ce ta gamsu da ke."

Auta ta share fuska, ta ɗauko biro. "Yaya ake cewa, 'Ina nan, Mama'?"

Ya faɗa a hankali, ta rubuta a tafin hannunta na hagu. Ta sunkuya kusa da kunnen uwar ta karanta, tana tuntuɓe. Tsohuwar ta lumshe ido ta amsa da kalma biyu.

"Ta ce ta sani," in ji mai taya.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Mama Baƙuwa ta cika. Na yi kuka, amma ba na baƙin ciki ba ne sosai. Ofishin jakadanci suka aiko wani mai kwat ya karanta mana takarda kan zumuncin ƙasashen biyu. Mai taya kuwa, kujeru ya yi ta jida wa masu ta'aziyya.

Da mutane suka ragu na leƙa bayan gida. Auta na zaune gaban baho tana ɗauraye kofuna da hannu ɗaya. Na hagun yana kan gwiwarta a dunƙule, nesa da ruwan.