Kafso Biyu na Malam Idirisu

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, babu ciwon da ya taɓa gagarar kafso ja-da-baƙi na Malam Idirisu mai kemis a Yalwawa. Shi da kansa yake faɗa, kuma dole a yarda, domin ya shekara tara yana raba kati a asibiti kafin ya buɗe shago. Biyu-biyu yake sayarwa: biyu don zazzaɓi, biyu don haƙori, biyu don ko-ta-kwana.

Kubura, matar Abdulwahab akawun sakatariya, ta shekara uku tana shan biyu-biyun nan duk sanda fitsari ya yi mata zafi. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ta sha, ta ƙara sha, zafin bai motsa ba. Mijin ya koma kemis.

"Malam, wannan karon fa bai yi ba."

Malam Idirisu ya sauke tabarau. "Maganina ne bai yi ba? Kai kana jin zafin?"

"Ni lafiyata ƙalau."

"To. Magani yana kashewa, ana sake kawowa. Kai kuma ba ka da shi. Ni dai ban ce komai ba."

Abdulwahab ya koma gida ɗauke da abin da ba a ce ba. Sai ya lura mai ruwa yana daɗewa wajen juye jarka. Ya fara dawowa gida ƙarfe sha ɗaya na safe ba sallama. A ofis babu wanda ya ga bambanci.

Iyatu, yayar Kubura, ita ta ja ta zuwa asibiti. Aka karɓi fitsari, aka ce a dawo bayan kwana uku. Abdulwahab ya iya jiran biyu. Ya rubuta saki ɗaya, ya ce ta tafi gidansu Aujara.

Sakamako ya fito. Likita ya ce wa Iyatu ƙwayar cuta ce ta hanji, wadda mace kan kamu da ita ba da taimakon kowa ba, kuma shan kafso guntu-guntu ya sa cutar ta daina jinsa. Ya rubuta wata ƙwaya ruwan ɗorawa, sau huɗu a rana, kwana bakwai, kada a tsaya ko an ji sauƙi.

Iyatu ta kai takardar har teburin Abdulwahab.

"Karanta, tunda kai ne ɗan boko."

Ya karanta sau biyu. "Yaya, bari in nuna wa masana."

Malam Idirisu ya juya takardar gaba da baya. "Yaran likitocin nan ni na ba iyayensu kati. Kuma na'urar gwamnati ce, kai ka fi ni sanin kayan gwamnati."

Abdulwahab ya ga magana ce mai hikima. Kansa na sarawa, ya sayi biyu.

A Aujara, Kubura ta shanye ƙwayar da Iyatu ta kai mata, kwana bakwai cif, zafin ya tafi. Sauran kwanakin idda ta yi su tana taya mahaifiyarta ɓarar gyaɗa.