Haƙarƙari Uku

Tsinke yana kwance a kan teburin ƙarfe na likitar dabbobi, yana haki, ƙafarsa ta gaba naɗe da bandeji. Da ƙyar na gane shi. Karen da na bari siriri, cikinsa a tsuke, wuyansa dogo, ya koma kamar matashin kai da aka soka wa kara huɗu.

Injiniya da matarsa suna tsaye a gefe. Ba su suka kira ni ba, maigadi ne ya tsegunta mini. Na dangwarar da kofin roba a kan teburin, na ce da likita, "Ni ce ɓarauniyar. Na zo a wanke ni."

Shekara talatin ina girki a gidansu. Ni na goye Injiniya. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo Tsinke yana ɗan kwikwiyo, ya ce irin ƙananan karnukan gudu ne, masu bin abin farauta da ido. Ban yi boko ba, amma na san ciki. Kofin nan shi ne ma'aunina: rabi da safe, rabi da yamma. Dafaffen nama ba kitse, 'yar shinkafa, karas, ƙwai sau biyu a mako. Ban da ƙashin kaza, don yana tsagewa a maƙogwaro. In ya ci, sai ya kwanta awa guda kafin in buɗe masa fili. In ya tashi gudu kuwa, ido ma a baya yake bin sa.

Bayan rasuwar maigida, Injiniya ya dawo gidan da iyalinsa. Ranar da ƙawayen matarsa suka zo, ɗaya ta nuna Tsinke da baki ta ce, "Ke, a gidanku har kare ma rage ƙiba yake?" Suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta ci ni.

Da yamma matar Injiniya ta tare ni a bakin ƙofa, gaban maigadi da mai shago da matan maƙwabta. "Kullum ana sayen nama, kare yana ramewa. Buɗe jakarki, Inna." Na buɗe. Zanena, man zafin gwiwa, da carbi. Ta ce yau ne dai ban ɗauka ba, kada in sake zuwa. Injiniya yana tsaye, ya kafa wa wayarsa ido kamar a ciki aka binne cibiyarsa. Wata biyar ke nan, in na shiga shago sai a janye kaya daga kusa da ni.

Likitar, wata matashiya mai tabarau, ta ɗaga kofin ta juya shi. "Nawa kike ba shi, Mama?"

Na lissafa mata duka. Ta juya ga matar Injiniya. "Ku fa?"

"Duk abin da yake so. Kwanonsa ba ya rabuwa da abinci. Fatar kaza, madara, ragowar tebur. Tausayi yake ba ni."

"Tausayin ne ya karya shi," in ji likita. "Daga kan kujera kawai ya diro. Ƙashin ƙafar irin wannan kare bai fi ɗan yatsana kauri ba. Kilo biyar ya kamata ya yi, yanzu takwas ne. In yana cikin lafiyarsa, dole a ga haƙarƙari biyu ko uku."

"Uku," na ce. "Kullum da safe nake ƙirgawa. In sun zama huɗu in ƙara cokali, in sun zama biyu in rage."

Injiniya ya yi gyaran murya. "Inna, abin da ya wuce ya wuce. Ki dawo aiki gobe."

"Ɗan nan, a bakin ƙofa aka tuɓe mini zane. A bakin ƙofa za a mayar mini da shi."

"Haba Inna, sai an tara mutane?"

"Da aka buɗe jakata, ni na tara su?"

Tsinke ya ɗago kai ya shinshina hannuna, wutsiyarsa tana bugun teburin ƙarfen.

Washegari na tsaya daidai inda na tsaya wancan karon. Maigadi yana nan, mai shago ya leƙo, matan maƙwabta sun fito kamar shara ta kawo su. Matar Injiniya ta ce, "Inna ba ta ɗauki komai ba," da murya kamar ta sauro.

"Kunnena ya tsufa, 'yar nan."

Ta sake faɗa, wannan karon har mai shago ya sunkuyar da kai ya shiga gyara gwangwanaye. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ɗauki kofina na wuce kicin.

Sai da aka yi wata uku kafin haƙarƙari na farko ya fito. Na kira matar Injiniya ta zo ta gani. Ta durƙusa ta shafa gefen Tsinke da hannun hagu. "Ɗaya," ta ce.

"Saura biyu."

Amma Tsinke ba ni yake kallo ba, ba ita ba. Hannunta na dama yake kallo, wanda ta dunƙule a bayanta, yawu yana ɗiga daga bakinsa.

"Buɗe hannunki," na ce.

Ta buɗe. Fatar kaza ce, mai kitse, da sauran ɗuminta.

Daga ni sai ita sai kare a tsakar gidan. Ina jin maigadi yana jan kujerarsa a bakin ƙofa. Ban kira shi ba. Na miƙa mata kofin, na nuna mata inda rabi yake.