Gargaɗin da Bai Isa Miga ba

Ana tsakiyar damina tsawa ta ƙone kwamfutar wata ƙungiyar manoman shinkafa a Haɗeja. A kanta manhajar da ke tura wa mutanen fadama saƙon gargaɗi take, duk sanda kogi ya fara cika. Shugabanni suka sayo sabuwa, suka danƙa wa Nuriyya, mai kula musu da na'urori, suka ce ta mayar da komai kafin ruwa ya iso.

Da ta zo ɗora manhajar sai ta ƙi haɗuwa. Ta bi diddigi, ta tarar yayanta Tasi'u, wanda ya rubuta ta kafin aiki ya kai shi Kano, ya cusa wani tsohon laburare a ciki, wato guntun manhajar wasu da ake ara don aika saƙo. Ya tsufa har sabuwar kwamfutar ba ta karɓarsa.

Ta kira shi. "Yaya, laburaren nan ya ƙi. In cire in sa na yanzu?"

"Cire mana," ya ce, ana jin hayaniyar ofis a bayansa. "Ai duk ɗaya ne."

Hankalinta bai kwanta ba, amma masunta sun fara cewa ruwa na haurowa. Ta cire tsohon, ta sa sabo, manhaja ta haɗu. Ta gwada da lambarta, saƙo ya shigo. Ranar Laraba kogi ya cika, ta tura gargaɗi.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Malam Shu'ibu, wani dattijon manomi daga wajen Miga, laka har gwiwa. Ya ƙi zama.

"'Yata, ke ce mai saƙon? Mu ba mu ji komai ba. Da mun ji, da mun tare jinga da buhunan yashi. Shinkafa ta nutse, injin ban ruwana ma ya tafi."

Ta buɗe tsohon laburaren tana bi layi-layi, ta ga inda Tasi'u ya taɓa shi da hannunsa: duk lambar wayar da ta fara da sifili, yana ƙara mata lambar ƙasa. Sabon ba ya yin haka, watsar da ita yake shiru. Lambarta cikakkiya ce, shi ya sa gwajin ya yi. Lambobin mutanen Miga kuwa duka da sifili aka shigar da su.

Ta sake kiran Tasi'u, ta faɗa masa. Ya yi salati.

Ta gyara lambobin, ta sake turawa, don akwai ƙauyukan da ruwan bai kai ba tukuna. Wayar Malam Shu'ibu ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya karanta a hankali, ya mayar.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce.

"Allah Ya kiyaye na gaba," ya ce, ya fita neman motar komawa.